Ruwa Nawa Gulbi Zai Kawo? Lissafin Ambaliya a Gusau, Tsafe da Bungudu

Ranar Asabar, 30 ga Satumban 2006, ana cikin azumi, saura kwana guda Jihar Zamfara ta cika shekara goma da kafuwa, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle. An tafka ruwan sama, Gulbin Sakkwato ya kawo, ƙofofin da ake buɗewa don rage ruwa suka ƙi aiki, ruwan ya fi ƙarfin ginin ya yi gaba. Rahotannin farko sun ce ana fargabar mutum 40 sun halaka, gidaje kimanin 500 sun rushe, garin kuma ya faɗa cikin wahalar ruwan sha, don daga wannan madatsa yake sha. An yi jaje, an kai agaji, an yi maganar gyara. Tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan rana ita ce: ruwa nawa ya zo a daidai lokacin da gulbin ya kai ganiyarsa, kuma ruwa nawa aka gina madatsar ta iya wucewa da shi?

Kan waɗannan alƙaluma biyu maganar take. Manomi jimla yake yi wa damina: ta yi kyau ko ba ta yi ba, marka ta zauna ko ta yi gardama. Gada babu ruwanta da jimla. Abin da ke karya ta sa'a guda ce, a wani dare ɗaya cikin shekaru masu yawa, lokacin da ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta ya kai iyakar yawansa. Injiniyoyi da kubik mita a kowane sakan suke auna wannan. Kubik mita ɗaya lita dubu ce, durom biyar ke nan na mai lita 200. In aka ce ƙorama ta kawo kubik mita goma a sakan, durom hamsin ke wucewa duk sakan guda. Faɗin kwalbati, tsayin gada, girman ƙofar madatsa, har da iyakar inda ya kamata a bar mutane su yi gini, duk daga wannan adadi ake yanka su. In an ƙiyasta shi ƙasa da yadda yake, ruwa ya ci aikin. In an zarce, an zuba siminti da rodi na banza a wuri ɗaya, wasu ƙauyuka uku sun rasa kwalbatin da za su samu da kuɗin.

Ƙasar da muke magana a kanta tana da halinta. Gulbin Sakkwato daga wajejen Funtuwa ya faro, ya gangaro ta Gusau da Bungudu, kafin ya faɗa tafkin Bakolori kusa da Talatar Mafara. Duk wannan sashe na sama a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ya fito fili a Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe. Ƙasar da ke kansa ba ta da zurfi, ba ta daɗe tana sha ba sai ta ƙoshi, abin da ya biyo baya kuma gudu yake yi. Can yamma, an wuce Mafara, ƙasa ta koma rairayi da laka masu kauri, fadama ta buɗe, ruwa ya sami wurin shimfiɗewa, yana tashi a hankali cikin kwanaki. Nan sama ba haka ba ne. Gulbin da tifofi ke shiga ɗibar yashi a watan Maris shi ne zai cika ya batse cikin 'yan sa'o'i a Agusta, ya janye kafin a gama mamaki. Ruwan da Gusau ke samu a shekara bai yi nisa da milimita 900 ba, amma kusan dukansa cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, kuma kaso mai tsoka daga ciki a 'yan manyan hadura ƙalilan.

Wani abu da ya kamata a cire daga zance tun da wuri: duk lokacin da aka yi ambaliya sai ka ji an ce ai Kamaru ce ta sako ruwan dam. Madatsar Lagdo a kan Kogin Binuwai take, ruwanta Yola da Makurɗi da Lakwaja yake zuwa, ko ɗigo ba ya hawowa Zamfara. Bakolori ma, da aka kammala a 1978, a ƙasan waɗannan garuruwa take. Ba ta sako musu ruwa, ba ta kuma tare musu. Ruwan da ke cin gada a Tsafe ko Bungudu ruwan saman da ya sauka ne a tuddan da ke bayansu, jiya ko yau.

To, ta yaya ake sanin yawansa tun bai zo ba?

Hanyar da ta fi kowace inganci ita ce a tambayi gulbin kansa. Ana kafa sandar awo mai lambobi a jikin ƙafar gada, a ɗauki mutum ya riƙa rubuta tsayin ruwa safe da yamma. Lokaci-lokaci ma'aikata su zo da na'ura su auna saurin ruwan, har a gane cewa in ruwa ya kai lamba kaza, kubik mita kaza ke wucewa. Bayan shekaru sai a tsamo ruwa mafi girma na kowace shekara, a jera su daga babba zuwa ƙarami. Daga yadda jerin ya bazu ake hasashen wanda ya fi su duka, wanda bai riga ya zo ba. Masanin lissafi ɗan Jamus, Emil Gumbel, shi ya shimfiɗa wannan hanya a wata maƙala ta 1941, kuma har yau da ita ake koyarwa a sassan injiniya na jami'o'inmu.

Daga nan aka samo maganar "ambaliyar shekara ɗari", maganar da ta ruɗi mutane da yawa, har da masu yanke shawara. Ba ana nufin in ta zo bana an huta sai jikoki ba. Ana nufin a kowace damina akwai kashi 1 cikin 100 na yiwuwar ta zo, ko da bara ta zo. Wanda ya gina gida a inda irin wannan ruwa ke kaiwa, ya zauna shekara 30, yiwuwar ya gamu da shi ta kai kashi 26 cikin 100. Kwalbatin da aka yanka wa ruwan shekara 25 kuwa, kafin ya cika shekara 25 ɗin, akwai kashi 64 cikin 100 na yiwuwar ruwa ya fi ƙarfinsa aƙalla sau ɗaya. Wannan ba laifin injiniya ba ne, haka aka zaɓa saboda kuɗi. Laifin shi ne a zaɓa ba a gaya wa mutanen da ke kwana a ƙasan kwalbatin ba.

Sai dai hanyar Gumbel tana son abin da muka fi talauci a kai, wato rubutaccen awo na shekaru masu yawa ba yankewa. An yi ƙoƙari a da. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato a shekarun 1960, ta fitar da rahotonta a 1969, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuma ta gaji aikin tun shekarun 1970. Amma a duk Afirka ta Yamma tashoshin awon koguna sun yi ta lalacewa tun daga shekarun 1980, sanda ta karye ba a sake ba, mai karatu ya daina samun alawus ya kama noma. Ko inda aka yi awon, gulbin yashi yana da wuyar sha'ani. Kowace babbar ambaliya sai ta haƙe gindinsa nan ta cike can, lambar da bara take nufin kubik mita ɗari bana tana nufin wani abu dabam. Ga shi kuma ruwanmu yana son zuwa da dare. Mai karatu ya duba da magariba ya ga gwiwa, ya dawo da safe ya ga ƙugu, alhali da tsakar dare ruwan ya taɓa cikin gada. Awon shekara 20 ma, ko ya cika ba giɓi, yiwuwar a ce ruwan shekara ɗari ya faɗo cikinsa kashi 18 ce kawai cikin 100. Hukumar kula da awon ruwa ta ƙasa, NIHSA, wadda doka ta kafa a 2010, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan yana da amfani ga masu agaji. Amma ba zai gaya wa injiniyan ƙaramar hukuma ko bututu nawa zai binne a wata ƙorama da ke bayan kasuwa ba.

Ƙoramu ƙanana kuwa, waɗanda su ne suka fi yawan cin hanya da shiga gidaje, babu wanda ya taɓa kafa musu sanda. A nan sai a koma ga ruwan sama, a yi lissafi daga shi. Wani injiniya ɗan Ayalan, Thomas Mulvaney, ya kawo dabarar a 1851, kuma sauƙinta ne ya sa ta daɗe. Abu uku ake nema: faɗin ƙasar da duk ɗigon da ya sauka cikinta zai gangara zuwa wannan ƙorama, ƙarfin ruwan sama a cikin sa'a, da kuma kason da ke gudu bai shiga ƙasa ba. A ninka ukun, a raba da 360. Mu ɗauki misali na ƙirƙira: ƙasa hekta 200, ruwa mai ƙarfin milimita 60 a sa'a, kashi 30 cikin 100 na gudu. Amsa ita ce kubik mita 10 a sakan. Bututun siminti mai faɗin santimita 90, in ruwa na bi ta cikinsa da saurin mita biyu a sakan, abin da zai wuce da shi bai fi kubik mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Wato wannan ƙorama bututu takwas take so, ko kwalbatin akwati mai girma. Kowa ya san wuraren da aka binne biyu aka yanka kintinkiri.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan sakandare zai yi shi. Wuyar tana wajen inda alƙaluman uku ke fitowa. Faɗin ƙasa yanzu ya zo da sauƙi, da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta ana fitar da shi cikin yini. Sauran biyun ne matsala. Kason da ke gudu daga jadawalin littafi ake ɗauko shi, jadawalin kuma a Turai da Amurka aka haɗa shi. Tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka daga can ƙarshen tudu zuwa bakin kwalbati, wanda shi ke nuna wane ƙarfin ruwan sama za a sa a lissafi, galibi da ƙa'idar Kirpich ta 1940 ake fitar da shi, ita kuma daga 'yan ƙananan gonaki a Jihar Tenesi aka samo ta. Ƙarfin ruwan sama kuwa, yawancin ma'aunanmu sau ɗaya ake karanta su a rana. Za su ce maka an yi milimita 80 jiya, ba za su ce cikin minti arba'in ya sauka ko dare guda ya kwana yana yayyafi ba, alhali ga kwalbati bambancin ke nan tsakanin lafiya da rushewa. Farfesa Lekan Oyebande ya yi wa Nijeriya jadawalin ƙarfin ruwan sama yanki-yanki a 1982, aiki mai daraja, amma ya haura shekara arba'in. Ma'auni ɗaya a Gusau kuma ba ya wakiltar Tsafe. Masu bincike da suka baza ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai a farkon shekarun 1990 sun ga ƙauyukan da ba su da nisa da juna suna samun damina mabambanta ƙwarai. Manoma sun daɗe da sanin haka, su da ke ganin hadari ya jiƙa gonar maƙwabci ya tsallake tasu. Sannan dabarar Mulvaney ta ƙananan ƙoramu ce. Wanda ya ɗora ta kan Gulbin Sakkwato gaba ɗaya ya yi aikin banza, don hadari guda ba ya rufe duk ƙasar gulbin da ƙarfi ɗaya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne akwai ilmin da ya fi kusa da mu, ba mu cika waiwayarsa ba. Tun shekarun 1950 masu binciken Faransa na cibiyar ORSTOM suka zaɓi ƙananan ƙoramu a Nijar da Barkina Faso da Mali da maƙwabtansu, suka zauna damina bayan damina suna auna ruwan sama da ruwan ƙorama tare. Daga nan biyu daga cikinsu, Rodier da Auvray, suka fitar da hanyar ƙiyasta ambaliyar shekara goma a 1965, wadda aka sake tacewa aka buga a 1996. Ƙasar Maraɗi ta fi kama da tamu nesa ba kusa ba in aka kwatanta da Tenesi, Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina ya tashi, ya zaga Nijar, ya dawo ya shiga Rima. Abin da ya raba injiniyan Gusau da wannan taska harshe ne kawai, shi da Turanci ya yi karatu, littattafan da Faransanci suke.

Masu binciken nan na Faransa ne kuma suka fara lura da wani abin mamaki da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun fari na 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan da ƙoramu da yawa ke kawowa ƙaruwa ya yi. Dalili shi ne itatuwa da ciyayi sun tafi, ƙasa ta daskare ta koma faƙo, ruwan da a da yake nitsewa ya koma gudu. Daga baya ruwan saman ma ya dawo da wani hali. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Idan aka haɗa wannan da abin da ya faru da Gusau tun da ta zama babban birni a 1996, gonaki sun koma unguwanni, rufin kwano da daɓen siminti da kwalta sun maye ƙasa, sai a ga adadin da aka yanka wa kwalbati shekara talatin da suka wuce ya tsufa ko da daidai yake a ranar. A misalinmu na ɗazu, in kason da ke gudu ya tashi daga 30 zuwa 60, ruwan saman bai ƙaru da ɗigo ba amma ƙoramar ta koma kawo kubik mita 20. Ga kuma mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka zuwa cikin garuruwa. Mai gudun hijira ba ya zaɓen fili, inda ya fi araha yake samu, inda ya fi araha kuwa sau da yawa kwari ne.

Saura hanya ta uku, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da halin da muke ciki, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk ambaliya tana barin shaida. Layin laka a jikin bango, karmami da leda da suka maƙale a reshen bishiya, ciyawar da ta kwanta a gaɓa. In aka zo da na'urar safiyo cikin 'yan kwanaki aka auna tsayin waɗannan alamu a wurare biyu ko uku a jere, za a san gangaren da fuskar ruwan ta yi. A auna faɗi da zurfin gulbin a wurin, a sa cikin ƙa'idar Robert Manning, wani injiniyan na Ayalan da ya gabatar da ita a 1889, sai ga ƙiyasin ganiyar ruwan da ya wuce da tsakar dare ba wanda ya gani. Ko ba na'ura akwai abin yi. Gulbi mai faɗin mita 40, zurfinsa a matsakaici mita biyu da rabi, in ruwansa na tafiyar mita biyu a sakan, kubik mita 200 yake kawowa. Saurin kuwa da kara ake gane shi: a jefa daga kan gada, a duba sakan nawa ya yi kafin ya kai wata alama da aka san nisanta, sannan a rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, don ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu. Awon ba zai fita tsaf ba, yana iya kaucewa da rubu'i. Duk da haka ya fi jadawalin da aka aro daga wata nahiya, domin na wannan gulbin ne.

Wannan hanya tana kuma iya komawa baya. Sarkin Ruwa, masunta, 'yan fito, dattawan da suka yi shekara sittin suna noman fadama, suna riƙe da tarihin da ba ya cikin kowane fayil. Sai dai tambayar tana son gwaninta. In ka ce, "Baba, ruwan shekarar nan ya yi yawa?" zai ce maka bai taɓa ganin irinsa ba, kuma haka zai ce game da guda uku. Abin tambaya shi ne, "Baba, ina ya tsaya?" A kai ka gindin tsamiyar, ko matakalar masallacin, ya ɗora hannu. Sannan a nemi shekarar ta hanyar abin da ba a mantawa, wane sarki ke kan gado, kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, a kuma ji daga bakin mutum biyu ko uku da ba su zauna tare ba. Layin dogo da ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ma shaida ne, gadojinsa da kwalbatocinsa sun kusa shekara ɗari a wuri ɗaya, duk alamar da aka danganta da su ana iya aunawa yau. Masana lissafin ambaliya sun yarda cewa manyan ruwaye biyu ko uku na da, in an tabbatar da tsayinsu, suna gyara hasashe fiye da ƙarin shekaru da dama na awon ruwa matsakaici. A garin Passau na Jamus, jikin ginin majalisar gari akwai zanen inda manyan ambaliyoyi suka tsaya, har da ta 1501. Kuɗin fenti kawai abin ya ci.

Kada kuma a ɗauka adadi mai kyau ya gama magana. Lissafi yana ɗauka cewa ramin a buɗe yake. Kwalbatin da yashi da shara suka cike rabinsa ba ya wuce da ko rabin abin da aka yanka masa, ruwan da ya rasa hanya kuma taruwa yake a bayan hanyar mota ko layin dogo har ya zama tafki, ranar da bangon ya sake sai ya sauko da ƙarfin da babu hadarin da zai kawo shi kai tsaye. Rahotanni sun nuna irin haka ta faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Madatsar Bagauda a 1988, ta Gusau a 2006, ta Alau a Satumban 2024, kowace da dalilinta, amma a duka ruwan da ya afka wa mutane ya haɗa da wanda gini ya tara. Ƙofar madatsa da ba a gwada buɗe ta da rani ba, a lissafi ne kawai take ƙofa.

Masu iya aikin auna alamun nan suna nan kusa. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, akwai ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ɗalibansu kuma duk shekara neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai suke. Gaskiya ne ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bungudu ba sa shiguwa yanzu, ba kuma wanda zai tura ɗalibi daji da na'urar safiyo. Amma gadojin cikin gari da na kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato suna shiguwa, malamin firamare da ke zaune a ƙauye kuma yana iya ɗaukar hoton sanda mai lambobi da wayarsa ya aiko. Sharaɗin kawai shi ne gaggawa, domin ruwa na gaba yana wanke layin laka, masu gida kuma suna sake yaɓe cikin mako guda ko biyu.

Allon da ake kafawa a bakin aikin gwamnati yana ɗauke da sunan ma'aikata, da na ɗan kwangila, da na injiniya mai duba aiki. Ya kamata a ƙara masa layi biyu: kubik mita nawa a sakan aka yanka wa wannan kwalbati, kuma ruwan shekara nawa ne. In an rubuta, kansila da mai unguwa da injiniyan da zai zo bayan shekara ashirin za su sami abin da za su kwatanta da alamar da ruwa ya bari, a san ko lissafin ne ya gaza, ko ɗan kwangila ne ya rage, ko yashe ramin ne ba a yi ba.